Mai hoton biki: namiji ko mace, kuma bisa wane sharaɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Saura wata biyu aurena. Ƙawayena sun turo min shafukan masu hoto uku a Instagram, biyu maza, ɗaya mace, kuma gaskiya aikin mazan ya fi kyau. Shi kuma wanda zan aura cewa yake hoto gaba ɗaya haramun ne. Ya halatta mu ɗauko mai hoto? In ya halatta, wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sanya albarka, 'yata, Ya kai mu lokacin lafiya.

Maganar angon naki tana da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Manzon Allah (SAW) ya ce masu yin sura, wato zana ko sassaƙa siffar abu mai rai, suna cikin mafi tsananin azaba ranar ƙiyama, kuma Nana A'isha ta ba da labarin yadda fuskarsa ta canza da ya ga labule mai surori a ɗakinta. Inda malamai suka saɓa shi ne ko hoton kyamara ya shiga wannan hani. Shaihu Bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya ce ya shiga, sai dai don larura irin ta fasfo. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya ce bai shiga ba, domin mai kyamara bai ƙirƙiri komai ba, inuwar halittar Allah ya tsare, kamar yadda madubi ke yi. Shaihu Ibn Usaimin ya yarda cewa ɗaukar ba zane ba ce, amma ya ce hukunci yana bin manufa, bai kuma yarda a ajiye hoto don tunawa kawai ba. A mazhabar Malik kuwa, abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki. Wadda ke kan takarda ko yadi iyakarta karhanci.

Abin da na natsu da shi: ɗaukar hoton halal ce a kanta. Amma angonki yana kan maganar manyan malamai, kada ki tilasta masa ya tsaya gaban kyamara, kuma kada ku buɗe zamanku da jayayya a kan wannan.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne wanda zai riƙe kyamarar. Ki tuna yadda aikin yake. Zai matso kusa, ya ce ki ɗaga haɓa, ki juyo, ki yi murmushi, wani har ya miƙa hannu ya gyara miki mayafi. Idan ya koma gida zai zauna gaban kwamfuta, ya buɗe fuskarki ta cika allo, ya yi sa'o'i yana gyara haske da launi. Allah Ya umarci muminai maza su runtse idanu a aya ta 30 ta Suratun Nur, Ya hana mata bayyana adonsu sai ga waɗanda Ya lissafa a aya ta 31, kuma babu mai hoto a lissafin. Ranar biki ita ce ranar da mace ta fi kowace rana ado. Saboda haka a wajen mata, inda aka yi kwalliya aka saki jiki, bai halatta namiji ya shiga da kyamara ba, komai ƙwarewarsa. Ki ɗauki macen. A taron maza namiji ya yi aikinsa, babu laifi. Hoton da ake yi kafin a ɗaura aure kuma, ana jingina da juna, haramun ne, domin har zuwa lokacin angon bai zama mijinki ba, baƙo ne a gare ki.

Ɗaukar mace ma ba ta isa ba sai kin tambaye ta: wa ke gyara hotunan, wa ke wanke su? Sau da yawa mace ce ke ɗauka, amma katin kyamarar hannun namiji yake komawa. Annabi (SAW) ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana kallonta, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Idan an hana siffantawa da baki, ina ga hoto mai fito da kwallin ido?

Ki kuma lura da yadda kika san waɗannan masu hoton: da fuskokin amaren wasu kika san su. Hotunanki ma can shafukansu za su tafi in ba ki hana ba. Wannan ciniki ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a biya shi lada, sharaɗinta a san aikin, a san ladan tun farko, kuma hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ku rubuta a takarda: awa nawa za ta yi, hoto nawa za ta bayar, ranar bayarwa, babu sa hotonki a shafinta don talla, babu namijin da zai gani, kuma za ta goge nata kwafin bayan ta miƙa. Wadda ta ƙi sa hannu a kan wannan, ki nemi wata.

Baƙinki ma suna da haƙƙi. Matar da ta zo taya ki murna ta cire hijabinta don ta ga mata ne zalla, ba a ɗaukarta sai da izininta, ke ma ba za ki tura hotonta a WhatsApp ba.

Idan ta cika aikinta, ki biya ta cikakke a kan lokaci. A hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikin, ya hana shi ladansa.

Allah ne Mafi sani.