Golf ɗina na yoyon baƙin mai: in sake inji ko in sayar?

Wani ɗan kasuwa daga Gumel ya rubuto: "Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi, ina kuma da Golf 3 mai dogon baya da nake ɗauko kaya da ita daga kasuwar Singa a Kano sau biyu a mako. Yaron shagona ne ke tuƙa ta. Wata bakwai ke nan tana yoyon baƙin mai. Sau uku ina kai ta gareji. Karon farko an sake gaskit ɗin murfin sama, na biyu an kwance kaskon ƙasa an shafe shi da gam, na uku an sake sil na gaba, wato robar da ke tare mai a gaban inji. Kowane karo takan yi kamar kwana goma a bushe, sai ta koma gidan jiya. Yanzu kusan lita ɗaya nake ƙarawa duk mako. Bakanikena ya ce saura sil na baya, sai an sauke giyabos. Wani ya ce in sayi injin Beljiyam in huta. Ƙanena kuma ya ce in sayar da ita in riƙa bai wa masu lodi. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. A wannan makon dai kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin ukun. Duk wanda ya ba ka shawara magani ya faɗa maka, amma har yanzu ban ga wanda ya gano cutar ba. Sau uku ka biya kuɗin canki-in-canka, kuma na huɗun da ake shirin yi maka, wato sauke giyabos, shi ne ya fi dukkansu tsada. Kai da kanka ba za ka sayi buhun shinkafa ba sai an soka maka ka ga ƙwayar. To gyaran mota ma haka ne.

Mu fara da abin da ke fita daga aljihunka. Lita ɗaya duk mako lita 52 ke nan a shekara, galan 13 na lita huɗu-huɗu. Injin motarka kusan lita huɗu yake ɗauka, ka ga duk wata kana tsiyayar da cikin inji guda a kan titin Kano zuwa Gumel. Ka ɗauki kuɗin galan ɗaya a yau ka ninka sau 13, ka ɗora kuɗin gyara uku da aka yi, sannan ka ƙara ranakun da motar ta kwana a gareji ka biya wata ta kawo maka kaya. Wannan jimillar ita ce farashin yoyon, kuma da ita za ka auna duk wani gyara da za a kawo maka. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, baƙin mai da kayan gyara sun daina zama ƙananan kuɗin da ake zara daga aljihun tebur ba a rubuta ba. Akwai kuma asarar da ba ta zo ba tukuna: ranar da yaron ya manta bai duba geji ba, man ya ƙare a hanya, injin ya buga da kaya a ciki.

Abu na farko da zan so ka tabbatar shi ne ko litar nan duka zuba take yi. Baƙin mai ta hanya uku yake ɓacewa: ko ya zuba, ko injin ya ƙone shi, ko kuma ya ɓace tun kafin ya shiga injin. Ba zargin yaronka nake yi ba, amma kuɗin da ake karɓa kullum da sunan "an ƙara mai" ba tare da mai shi ya gani ba, ko waliyyi aka ba wa an ɗora masa jarrabawa. Ka sayi galan ɗin da kanka, ka ajiye shi a shago. Da safe kafin a tayar da motar, a wuri mai daidai ba gangare ba, ka zaro gejin ka goge, ka mayar ka sake zarowa, ka rubuta inda man ya tsaya. A yawancin ƙananan motoci tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ne. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda ya mutu a mafi yawan Golf ɗin da ke kan hanyoyinmu, sai ka ƙirga da sawu. Mako biyu ya isa ka san gaskiyar abin.

A cikin waɗannan kwanakin ka riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da daddare. Baƙin mai zai bar tabo baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Man giya yana da wani wari mai kaifi da ba ya ɓuya, ruwan lagireto kuwa ba shi da maiƙo irin nasu. In tabon bai wuce tafin hannu ba alhali lita guda na tafiya duk mako, to ko dai man yana fita ne lokacin da motar ke gudu, ko kuma ƙonewa yake yi. Na farkon za ka gane shi da cikin motar ta ƙasa ya jiƙe har baya, wani lokaci har da ɗige-ɗigen maiƙo a gilashin but. Na biyun kuma salansa ce za ta tona shi: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da safe ko in an taka wuta bayan an daɗe a tsaye, fulogi kuma in an kwance su baƙi ƙirin da danshi.

Sai batun gano inda yake zuba. A nan ne galibin kuɗin mutane ke salwanta, domin mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya. Inda ka ga ɗigo yana rataye ba lallai ne nan ne ƙofar ba. Gaskit ɗin murfin sama zai iya yoyo ta bayan inji, man ya bi jiki ya sauka daidai mahaɗar inji da giyabos, wanda ya leƙa daga rami ya rantse sil na baya ne. An sauke giyabos da yawa a kan laifin roba ta sama. Hanyar ba ta da wuya: a wanke injin tas da sama da ƙasa, a kare kayan wuta daga ruwa, a bar shi ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a tayar a ɗan zaga na kwata ɗin awa, sannan a ɗora a rami a haska da tocila. Wuri mafi tsawo da hodar ta jiƙe, nan ne tushen. In bai nuna ba a sake dubawa bayan sawu ɗaya. Bakaniken da ya ce ya gano yoyo a injin da ya yi kaca-kaca da maiƙo da ƙurar shekaru, ba tare da ya wanke ba, duban bokaye yake yi maka.

A fara da masu araha. Notin da ake kwancewa a juye mai yana da wosha da ya kamata a riƙa sakewa, kuma yawan ɗaure shi da ƙarfi kan cinye zaren kaskon. Filtar mai kan yi yoyo in ba ta zauna ba, ko in tsohuwar robar ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta. Suwic ɗin mai, wanda ke kunna jar fitilar nan mai kamar buta, ɗan ƙaramin abu ne amma in ya tsage feshi yake yi in inji na aiki, in an kashe ya yi shiru. Cika mai ya wuce layin sama shi ma yana sa yoyo, kuma mai tsoron kada man ya ƙare shi ya fi faɗawa wannan.

Amma akwai kalma ɗaya a wasiƙarka da ta fi tsaya mini: kwana goma a bushe, sannan ya dawo. Ka tambayi kanka, a wuri ɗaya yake dawowa ko sabon wuri yake ɓullowa? In wuri ɗaya ne, ko dai kayan da aka sa jabu ne, ko kuma ƙarfen da sil ɗin ke zama a kai ya ci, ya yi zobe, sabon sil ba zai kama ba sai an gyara wurin. In kuwa duk inda aka toshe sai ya fashe ta wani wurin, to ba a nan gizo ke saƙa ba. Kowane inji yana tara iska a cikinsa, wadda ke sulalewa ta gefen fistin, kuma akwai tiyon numfashi a saman murfin da ke janye ta. In tiyon nan ya toshe da dattin tsohon mai, iskar ba ta da mafita sai ta tura mai ta duk robar da ta fi rauni. Ka sake ta sama ta koma ta ƙasa, ka sake ta ƙasa ta koma ta gaba. Labarinka ya yi kama da wannan ƙwarai. Wanke tiyon ko sake shi aikin ɗan lokaci ne, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sauke giyabos ba. In an buɗe numfashin amma iskar ta ci gaba da yawa, wato in ka cire murfin zuba mai inji na aiki ka ga yana huci da hayaƙi kamar tukunyar dambu, to ringin fistin sun gaji. A nan sai a nemi mai agogon auna matsin silinda ya gwada duka huɗun, ya rubuta maka lambobin.

Kada ka yarda a ƙara lafta gam. Wanda ya matse ya fito waje kana ganinsa, wanda ya matse ya faɗa ciki yakan je ya toshe rariyar famfon mai, a kashe inji garin tsayar da ɗigo. Haka ma man awo mai kauri da ruwan gwangwanin da ake cewa yana ɗinke yoyo: sukan rage ɗigo na ɗan lokaci, amma ba su gyara komai ba.

Yanzu ga yadda zan yanke da ni ne. In binciken ya nuna ƙaramin abu ne ko toshewar numfashi, a gyara a wuce wurin. In ya tabbata sil na baya ne, kuma matsin injin lafiya lau, a sauke giyabos ɗin, amma a duba kuloci a lokacin, tunda kuɗin aikin ɗaya ne, kuma mai in ya taɓa faifan kuloci santsi yake sa shi. Sannan tunda man ya taɓa zuba ta gaba, a leƙa taimin bel, domin injin motarka bel yake amfani da shi, roba kuwa ba ta shiri da mai. Sai in ringi ne suka mutu maganar garambawul ko sabon inji za ta taso. Injin Beljiyam ba sabo ba ne. An daina ƙera irin motarka tun 1999, don haka kusan duk injin da za a sauke maka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ya haura shekara 25 a duniya, robobinsa sun bushe kamar naka. In za ka saya, ka tafi da bakanikenka, a rubuta kwanakin gwaji a rasit, a kuma sake masa sil na baya tun yana ƙasa kafin a ɗora, lokacin da aikin bai wuce na mintuna ba.

Dangantakarka da bakaniken ma tana son gyara. Ka raba kuɗin bincike da kuɗin aiki. Ka biya shi ladan wankewa da dubawa ko da bai kwance noti ɗaya ba, domin muddin ba ya samun komai sai ya sake wani abu, to kuwa zai sake wani abu. Ya nuna maka wurin da idonka. Kayan gyara ka saya da kanka ko ku je tare, tsohon kuma a ba ka a hannu. Ku yi magana tun farko a gaban shaida cewa za ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai motar ta yi sawu shida a bushe. Mai gaskiya ba ya gudun wannan sharaɗi. In kuma ya ƙi wankewa ya nace sai giyabos, ka kai ta wani garejin a duba maka, ba faɗa ba cin mutunci.

Shawarar ƙanenka kuwa ba ta banza ba ce, sai dai yoyo kaɗai ba ya yanke ta. Ka buɗe wa motar littafinta daban da na shago. Duk sawun da ta yi, ka rubuta mata abin da mai lodi zai caje ka a kan wannan kayan daga Singa zuwa ƙofar shagonka, kamar ita ce ta samu. A ɗaya gefen ka rubuta fetur, baƙin mai, taya, takardu, kuɗin hanya, sallamar direba da gyara. Bayan wata uku ka duba. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu shago ne ke ciyar da motarsu suna zaton ita ke taimakon shago, saboda kuɗin duka aljihu ɗaya suke shiga. In ta ci kanta har ta bar saura, ka riƙa ware wani abu daga kowane sawu a asusun gyara, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mota mai waɗannan shekarun ba za ta daina neman bakanike ba. In kuma littafin ya nuna masu lodi sun fi sauƙi, ka sayar, ka zuba kuɗin a kaya. Ka sa a lissafi cewa mai lodi yana tashi ne lokacin da ya cika, ba lokacin da sukari ya ƙare maka ba.

In sayarwar ce, ka gano yoyon tukuna ko da ba za ka gyara ba. Mai saye ya fi rage kuɗi a kan ciwon da ba a san kansa ba fiye da wanda aka ce masa ga shi, ga kuma abin da zai ci. Kada a wanke inji da safe a kai ta wurin dillalai da hantsi a yi shiru. Ɓoye aibin haja haramun ne, kuma Gumel ba ta da girman da mai sayen zai kasa gane shagonka.

Kafin duk wannan, daga gobe galan ɗaya ya riƙa kwana a but, a duba geji kafin a bar Gumel, a sake dubawa kafin a baro Kano. Ka kuma gaya wa yaron da bakinka: in jar fitilar mai ta kama a hanya, ya sauka gefe ya kashe injin nan take, ko da garin gaba yana hango shi.