Tambaya da Amsa: Ta yaya ake auna tsagar dutse a can ƙasan rijiyar mai?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Naji ance a Amurka idan suka fasa dutse a rijiyar mai ko ta gas suna amfani da wutar lantarki su gano inda tsagar ta kai, toh abinda ya ɗaure min kai shine abu yana can ƙasa kilomita biyu ko uku ba kyamara ba kowa, ta yaya wuta zata nuna musu? Ko irin safiyon da masu haƙa bohol suke yi ne? Daga wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kusa canka, domin asalinsu ɗaya. Masu safiyon bohol da kake gani suna kafa ƙarafa a ƙasa suna jan waya, wuta suke turawa su ga inda take wucewa cikin sauƙi, tunda busasshen dutse baya ɗaukar wuta amma tsagar da ruwa ya cika tana ɗauka. Wani Bafaranshe Conrad Schlumberger ne ya fara gwada wannan dabarar a 1912, a 1927 kuma kamfaninsu ya zura na'urar cikin rijiyar mai a Pechelbronn ta Faransa.

Yanzu ga matsalar masu mai. Dutsen da ake kira shel yana riƙe mai da gas gam baya saki, sai an tura ruwa da ƙarfin tsiya ya tsage shi, a haɗa da yashi domin idan aka kashe famfo yashin ya tokare tsagar kar ta koma ta rufe. Tun 1947 aka gwada dabarar fasa dutse a rijiya a Kansas, amma sai ƙarshen shekarun 1990 kamfanin George Mitchell ya ci nasararsa a dutsen Barnett na Texas. Tsagar kanta faɗinta 'yan milimita ne kawai amma tana iya tafiya mita ɗari ko fiye, kuma kuɗin da ake zubawa a ruwa da yashi ba na wasa bane, dan haka dole kamfani yaso sanin ina kayansa suka tafi.

Hanyar da aka saba ita ce saurare, a jera na'urorin jin motsin ƙasa a wata rijiya ta kusa ko a saman ƙasa suna ɗaukar 'yar ƙarar da dutse yake yi idan ya tsage. Sai dai ƙara tana gaya maka inda dutse ya motsa ne kawai, bata gaya maka ko yashi ya isa wurin ba, kuma tsagar da yashi bai shiga ba yawanci rufewa take, man da zai biyo ta kaɗan ne. Nan lantarki ya shigo. Ana tura wuta cikin ƙasa, ko dai ta doguwar waya da aka shimfiɗa a sama ko ta jikin kesin, wato bututun ƙarfen da ake zurawa cikin rijiyar kanta, wanda yake kai wutar har ƙasa, sai a baza na'urori a fili suna auna ƙarfin lantarki da na maganaɗisu kafin a fara aiki, da lokacin da ake yi, da bayan an gama. Ruwan da aka tura yana canza yadda wuta ke bi ta wurin, wasu ma har yashi na musamman mai ɗaukar wuta suke gwadawa, sai kwamfuta ta cire awon farko daga na biyu, bambancin da ya rage shine sawun tsagar.

Amma fa kar ka ɗauka hoto ne zai fito tas. Siginar da take dawowa sama 'yar mitsitsiya ce, ga wayoyin lantarki ga bututu ga janaretoci da injina duk suna cika wurin da hayaniya, kuma dole ayi amfani da wuta mai juyawa a hankali domin ita ce take nitsawa da zurfi, ita kuma bata fitar da ƙananan abubuwa. A ganina duk wanda ya nuna maka taswira mai kala-kala yace ga tsagar nan daidai, ka tambaye shi dame ya gwada ta, domin lissafi ɗaya zai iya dacewa da siffofi da dama, shi yasa injiniyoyi masu hankali suke haɗa ta da sakamakon saurare da kuma matsin ruwan rijiyar.

Mu nan Najeriya man Neja Delta yawanci cikin dutsen yashi yake mai sakin mai da kansa, ba'a cika buƙatar wannan fasawar ba. Abinda ake yi kusan ko'ina shine zura na'ura mai faifai ɗauke da ƙananan maɓallan lantarki tana manne da bangon rijiya ana janyo ta sama a hankali, duk tsagar da taɓon haƙa (ruwan taɓon da ake turawa cikin rijiya lokacin haƙa) ya cika sai ta fito baƙa a lanƙwashe a kan allo, daga lanƙwasar ake lissafa karkatarta da ɓangaren da ta nufa.