Fatawa: Ina son aikin jinyar damuwa da tunani, iyayena sun ce aikin mahaukata ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An haife ni a Amurka, shekaruna 23, iyayena baƙi ne da suka zo tun kafin haihuwata. Na gama digirin farko, ina son in yi na biyu in zama mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Baba ya ce bai baro ƙasarsa ya yi shekara ashirin yana tuƙin dare don 'yarsa ta ƙare da zama da mahaukata ba, likita yake so. Mama kuma ta ce musulmi ba ya ciwon damuwa, addu'a ta ishe shi, kuma aikin jin gulmar mutane ne. Shin aikin halal ne? Idan na yi shi ba da son ransu ba, na saɓa musu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, aikin halal ne. A wuri irin naku ma ina ganin ya shiga faralu kifaya, wato wajibin da in wasu suka tsaya masa ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya ɗau laifi. Imam Gazali, da yake magana kan ilmin likitanci a littafinsa Ihya'u, ya koka da garuruwan musulmi da suka cika da masu gardamar fiƙihu alhali babu likita musulmi ko ɗaya. Abin da ya faɗa kan jinyar jiki ya hau kan jinyar zuciya.

Maganar Mama ta fito daga kyakkyawar niyya, amma ba ta tsaya ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 ta Suratu Yusuf, kuma babu mai cewa imaninsa ne ya yi rauni. Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, in ban da tsufa. Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Bai ware cutar ƙwaƙwalwa ba. Kuma ilmin nan ba a hannun Turawa ya fara ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin musulmi da ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, ya kuma yi bayanin waswasi da tsoro da yadda ake gyara tunani da tunani.

An taɓa kawo mini wani saurayi a yi masa ruƙiyya, wai aljanu ne. Ya zauna a bakin tabarma yana murza zaren hularsa, bai ɗago kai ba. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa, sannan na roƙi mahaifinsa ya ɗan ba mu wuri. Da na tambaye shi yaushe rabonsa da barci, sai ya ce wata uku ke nan ba ya wuce awa biyu, kuma ya riga ya tanadi abin da zai sha ya huta. Ranar na gane iyakata. Ruƙiyya gaskiya ce, ban daina ba, amma yaron nan yana buƙatar wanda ya karanci abin, kuma a ranar yake buƙatarsa. Da akwai irinki a kusa, da ban sha wahalar neman inda zan tura shi ba.

Sai dai halaccin yana da sharuɗɗa, kuma a nan nake so ki natsu.

Ki koyi aikin da gaske. Hadisi ya ce wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, shi zai ɗauki lamunin ɓarnar da ya yi. A Amurka hanyar a fili take: digiri na biyu, galibi a shirin da CACREP, hukumar da ke tantance karatun wannan aiki, ta amince da shi, sannan dubban awoyi na aiki ƙarƙashin kulawar gwani, kusan 2,000 zuwa 3,000 ko fiye gwargwadon jiha, sannan jarrabawar lasisi. Kada wani ya ce miki tunda kin iya lallashi kuma kin san ayoyi ai kin gama. Kuma tun da wuri ki nemi tallafin karatu ko aikin taimaka wa malamai a jami'a, don bashin karatu a can da kuɗin ruwa yake zuwa.

Batun gulma kuwa, sauraron mai kawo kuka don a nema masa mafita ba giba ba ce. Hindu 'yar Utba ta kawo ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi (SAW), ya saurare ta, ya ba ta amsa. Gibar tana farawa ne in maganar ta fito daga ɗakin. To a nan ne zamanki 'yar baƙi yake da kaifi biyu. Shi ne zai sa ki gane abin da wata ba za ta gane ba: kin san nauyin yarinyar da take yi wa uwarta tafinta a asibiti tun tana shekara tara, kin san abin da "me mutane za su ce" yake yi wa gida, kin san dattijon da ba zai taɓa cewa ransa a ɓace yake ba, sai dai ya ce kansa na ciwo, ƙirjinsa ya yi nauyi. Amma jama'ar baƙi 'yar ƙarama ce. Matar da ta yi kuka a gabanki ranar Talata, ita za ki tarar a sahun Juma'a, kuma wata inna za ta jawo ki gefe ta ce, "Ashe wance tana zuwa wurinki?" Ko gyaɗa kai kika yi, kin ci amana. Annabi (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Ko Mama ba ki da izinin gaya mata, ko mijinki in kin yi aure. Dangi na kusa da ƙawaye kuwa, ki tura su wurin wani; dokar sana'ar ma haka ta ce.

Sirrin yana da iyaka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa rufe sirrin majinyaci shi ne asali, amma bayyana shi yana zama wajibi idan ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi ta tonawa. Dokar can ta zo kusa da haka: tun shari'ar Tarasoff ta Kalifoniya a 1976 jihohi da yawa suka wajabta ɗaukar mataki in majinyaci yana shirin halaka wani, kuma cin zarafin yaro wajibi ne a kai rahotonsa. Idan ranar ta zo, kuma mai laifin ɗan masallacinku ne, za a ce kin tona asirin musulmi a gaban hukuma. Ki kai rahoton. Suturar da hadisi ya yaba ba ta rufe zaluncin da ake cikin yi wa mai rauni ba.

Abin da ya fi wuya shi ne wannan. Ƙa'idojin ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka, na 2014, sun hana ki ɗora wa majinyaci aƙidarki, sun kuma hana ki sallame shi don kawai rayuwarsa ta saɓa wa abin da kika yi imani da shi. Wasu jihohi, kamar Tenesi a 2016, sun sassauta da doka, amma kada ki dogara da wannan. Abin da nake gani: jinyar mai saɓo ba yarda da saɓonsa ba ce, kamar yadda likita yake ɗinke raunin ɗan giya. Ya halatta ki saurari mai zaman daduro, ki taimake shi ya fita daga firgici ko tunanin kashe kansa. Ba a kuma ɗora miki yi masa wa'azi a ɗakin da ya zo jinya ba. Abin da bai halatta ba shi ne ki ce haram halal ne da bakinki, ko ki tura mutum ga saɓo. Tsakanin waɗannan biyun fili ne mai faɗi. In kin ga wani fanni zai riƙa matse ki kullum, ki zaɓi wani: 'yan gudun hijira, yara, masu shaye-shaye, waɗanda aka yi wa rasuwa. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan, tun 1979 ya gargaɗi musulmi masu wannan ilmi kada su haɗiye duk abin da aka koya musu ba taunawa. Ki ɗauki dabarar da gwaji ya tabbatar, ki bar falsafar da ke cewa addini kansa cuta ne.

Keɓewa da namijin da ba muharrami ba a ɗaki rufe haramun ne, hadisin yana Buhari da Muslim. Ki fifita mata da yara. In dole ta sa, a samu ƙofa mai gilashi da mutane a kusa, ko a yi ta bidiyo.

Saura iyaye. Zaɓen sana'ar halal haƙƙinki ne, kuma malamai, cikinsu har Ibn Taimiyya, sun ce biyayyar da ta wajaba ita ce cikin abin da zai amfane su ba tare da ya cutar da ɗa ba. Tilasta ki shekaru masu yawa a karatun da ba kya so cutarwa ce, don haka in kin tafi ba ki zama mai saɓa wa iyaye ba. Amma yadda za ki tafi ana tambayarki a kai. Baba ba aikin yake ƙi ba, tsoro yake kada wahalarsa ta tashi a banza, kuma gaskiya ne albashin bai kai na likita ba, kada ki ɓoye masa. Ki zauna da shi da takarda: shekara nawa, kuɗi nawa, wane aiki ke jira a ƙarshe. Ki nemi limaminku ko wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki. Kada kuma ki fara gwada karatunki a kansu, kina gaya wa Mama cewa tana da ciwon da ba ta sani ba. 'Ya ce ke a gidan, ba mai jinya ba. Ki yi istihara, ki ba su wata biyu ko uku, sannan ki cike takardun.

Wallahu a'alam.