Wai tauraruwar Yahudawa ce a tsohuwar tutar Najeriya?

Tambaya: Salam Malam. An turo mana wani bidiyo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wai tutar Najeriya ta farko tana ɗauke da tauraruwar Yahudawa, wai tun 1914 Turawa suka jinginar musu da ƙasar nan. Wallahi abin ya tsaya min a rai, har na fara jin ba na son yarana su riƙa tsaya wa tuta a makaranta. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, hoton da ka gani na gaske ne amma labarin da aka ɗora masa ƙarya ce tsagwaronta. Tutar mulkin mallaka ta 1914 shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwa, sai jan da'ira mai koriyar tauraruwa mai tsini shida da kambin sarauta a tsakiya.

Kusan kullum sai an kawo min wannan magana kuma na gaji da ita, domin masu yaɗa ta ko minti biyar ba su taɓa yi suna bincike ba, su dai a samu mabiya. Lugga (Lord Lugard), gwamnan mulkin mallaka na lokacin, da kansa ya faɗa a wata wasiƙa da ya rubuta a 1940 cewa a jikin murfin wata butar tagulla ya ga zanen, wadda sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kontagora da yaƙi a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ka ji fa, daga kayan sarkin Musulmi aka ɗauko ta! Hatimin Annabi Sulaiman ake kiranta, ta daɗe a ƙasashen Musulmi, tsofaffin kuɗin Maroko ma suna ɗauke da ita, malamanmu na zaure sun san ta a hatimai tun kafin Bature ya tako ƙasar nan. Tambayi duk wani dattijo a gidanku game da kwabo mai huji da anini, ita ce a jikinsu, kakanninmu sun yi cefane da su sun ba da sadaka da su, babu wanda ya ce sun bar addini. Ƙasar Isra'ila kuwa sai a 1948 aka kafa ta, shekara 34 bayan waccan tuta.

Abin da ke ƙona min rai shi ne irin wannan jita-jita ba a waya take tsayawa ba, mun sha ganin yadda magana ɗaya mara tushe kan addini ke jawo a zubar da jini a garuruwanmu. Ku ji tsoron Allah ku daina tura abin da ba ku tantance ba.

Ita kuma wadda yaranka ke tsaya wa, kore fari kore, ba ta da alaƙa da waccan. Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta yana ɗalibi a Landan, ya ci gasar da aka yi aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, kwamiti ya cire ta, aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba 1960. Bawan Allahn nan sai a 2014 gwamnati ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta OFR, ya rasu a 2023 yana da shekara 87, kuma sai da gawarsa ta yi shekara guda iyalansa na jiran alƙawarin gwamnati kafin aka binne shi a Ibadan.