Amsar tambayar Malam kan tsohon taragon nan na bayan tasha

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ga hotunan da ka turo na taragon fasinjan nan da aka yasar a bayan tasha, da ɗan ƙaramin da ke wutsiyarsa, kana tambaya ko wanda Amurkawa ke kira kabus ne, kuma ko tun zamanin Gwamna Lugga na mulkin mallaka suke. To, abin da kake son sani shi ne wa ya ƙera su, a wace shekara. Kuma wallahi da wannan hoton daga nesa babu wanda zai gaya maka gaskiya. Fenti kawai muke gani, fenti kuwa ba shaida ba ne, an sha shafa shi ana sakewa.

Bari mu sallami ƙaramin tukuna. Kabus na Amurka ne, za ka gan shi da ɗan ɗaki a saman rufi inda ma'aikaci ke zama yana hango jirgi, ko taga mai turowa waje ta gefe. Su ma can sun daina amfani da shi tun shekarun 1980. Reluwenmu kuwa tsarin Ingila ya bi, don haka naka taragon birki ne, wanda gad, wato ma'aikacin da ke kula da jirgi daga baya, ke zama a ciki. Leƙa ciki, za ka tarar da wani ƙarfe a tsaye mai hannu da ake murɗawa. Shi ne birkin hannu.

Yanzu ka koma wajen da tef ɗin awo, da tocila, da burushin waya, da sanfefa mai laushi. Fara da awon ƙafafu. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1067, tsakanin cikin dogo da cikin dogo. In taragon ba kan dogo yake ba, auna daga bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa, za ka samu wajen 990. Kada ka ce awon ya yi kuskure, haka yake, kullum yana gaza faɗin layi. In ka ga 1360, to na sabon layi ne mai 1435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, babu maganar tsufa ke nan. Kuma wannan awon ba ya raba namu da na Gana ko Sudan, duk 1067 ne. Na Kamaru ne mita ɗaya cif.

Abin da nake fata kullum a ce wani ya auna ya samu ƙasa da haka sosai, don wannan shi ne na ƙaramin layin Bauchi, mai ƙafa 2 da inci 6, milimita 762. Sunansa na Bauchi amma Zariya ya tashi ya hau Jos da Bukuru saboda kuza. A 1912 ya kai Rahama, sai 1914 ya isa Bukuru. An rufe shi 1957. Ka ga in taragon na wannan layin ne, awon ya riga ya faɗa maka tsakanin shekarun da ya yi aiki. Mutane suna wuce irin wannan suna neman na Lugga. Wai kowane tsohon tarago a ƙasar nan na Lugga ne! Layin Baro ma sai 1911 ya iso Kano, shi kuwa taragon da jikinsa duk walda ce, babu kan ribiti ko ɗaya, ta yaya zai zama na lokacin? Na farkon nan jikin katako ne a kan shasi na ƙarfe, daga baya aka zo ƙarfe da ribiti, walda sai bayan yaƙin duniya na biyu ta zama ruwan dare. To, mu bar wannan.

Sai ka durƙusa ka bi doguwar ƙarfen shasi ta gefe, ƙasa da jikin taragon, ka duba ɓangarorin biyu. A nan maƙera ke ɗaura ɗan farantinsu na zubi, da sunan kamfani da gari da shekara. In ka ga Metropolitan-Cammell, bai girmi 1929 ba, don a shekarar aka haɗa wannan suna. In Birmingham Railway Carriage and Wagon ne, bai wuce farkon shekarun 1960 ba, lokacin suka daina ƙira. Akwai Gloucester, akwai Cravens na Sheffield. Akwai kuma na Indiya daga masana'antar ICF ta Madras, wadda aka buɗe 1955, da na Sin da suka shigo bayan kwangilar gyaran reluwe da aka ba su a 1995. Amma na san abin da za ka tarar: ramukan noti biyu ko huɗu, da inuwar faranti a jikin tsatsa. 'Yan gwangwan sun kwance. Abin nan yana ci mini rai, farantin da bai cika kilo biyu ba a sayar a narkar, a bar tarago babu asali. Duk da haka ka auna tazarar ramukan da siffar inuwar, mai kama da ƙwai ce ko mai kusurwa huɗu, don ana iya gwada ta da ta wani taragon da nasa ke nan.

Murfin akwatin mai da ke bakin kowace ƙafa, goge shi da burushi. In NR aka zuba a jiki, to kafin a kafa hukumar reluwe ta NRC a 1955 ne. In NRC ne, bai girmi 1955 ba. Amma a nan ake faɗawa rami. Ƙafafu da akwatunansu da bogin gaba ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun, ana musanya su a loko, ma'aikatar gyaran jirgi, duk sanda aka shiga gyara, a Ebute Metta ko Zariya ko Inugu. Sai ka ga ƙafa huɗu, shekara huɗu daban-daban. Shekarar ƙafa ta ƙafa ce kawai. Haka in ka ga Dorman Long a jikin ƙarfen shasi, su suka narka ƙarfen a Middlesbrough, ba su suka haɗa taragon ba. Gwada sifana ma a notunan shasi: in ta milimita ta ƙi zama daidai, mai yiwuwa awon inci na Ingila ne, alamar tsohon aiki.

Lambar taragon ita ce babba, don da ita ake bin rajista. Je da yamma liƙis, ka haska tocila ta gefe, kwance da jikin ƙarfen, tudun tsohon rubutu zai fito a ƙarƙashin fenti. In za ka goga sanfefa, ɗan wuri kamar tafin hannu, da ruwa, a hankali, kana ɗaukar hoto duk sanda launi ya canza. Kada ka sa injin gurza, minti ɗaya zai cinye lambar har abada.

Af, na manta, da wannan ya kamata in fara: nemi izinin shugaban tasha, kayan hukuma ne ko sun ruɓe. Kuma kada ka ɓalle bangon ciki. Taragun Ingila na shekarun 1950 da 1960 da yawa an cusa musu asbestos, wani abu kamar auduga, ƙurarsa tana lalata huhu. In ka samo lambar da awon, turo mana hoton shasin ta gefen biyu da murfin akwatin mai, na kusa sosai, sai a ga ko za a tuntuɓi mutanen gidan tarihin reluwe na Jaekel da ke Ebute Metta.