Gem da Gemu: Amsa Daga Jos Zuwa Ga Yayana Na Kano

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka koma gida lafiya, ka kuma tarar da iyali kamar yadda ka bar su. Tun ranar ɗaurin auren ƙanwarmu, da ka shiga ɗakina ka ga durowar gilashin nan, maganar da ka faɗa take ci mini tuwo a ƙwarya, hidimar baƙi ce kawai ta hana ni amsa maka a lokacin. Ɗanka ya miƙa hannu zai ɗauki faifai guda, na ce ya bari, sai ka dubi jerin kaset-kaset da faya-fayan gem ɗin, wato wasannin bidiyo, ka riƙe haɓa ka ce, "Wai ku mutanen Jos, mutum da gemunsa ya zauna yana tara gem, har yana yi wa yaro rowa? Wannan kuwa ɗabi'ar Bahaushe ce?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na kwana da abin. Na ga ya fi dacewa in amsa a rubuce, tunda na san ba kai kaɗai ba ne kake yi mana irin wannan kallon.

Zan fara da rowar, domin ita ce ta fi sauƙin bayani. Faifan da yaron ya so ɗauka gangariya ne na injin gem ɗin PlayStation 2, da kwalinsa da ɗan littafinsa, kuma idan ya karce ba ni da inda zan je in sami wani a kuɗin da aljihuna zai ɗauka. Da can ba haka abin yake ba. Kusan duk gem ɗin da muka buga a ƙasar nan ragowar Turawa ne. A Amurka akwai jerin shagunan GameStop, a Ingila akwai na GAME, kuma a da ɗaya daga cikin manyan cinikinsu shi ne su karɓi wanda mutum ya gama bugawa su ba shi 'yan canji ko su rage masa kuɗin sabo, sannan su ɗora nasa a kanta su sayar wa wani. Muddin wannan ƙofa tana buɗe, tsohon gem yana da wurin zuwa, yana da farashin da kowa ya sani, kuma mai nema ya san inda zai dosa. Sai suka fara rufe ta. Daga ranar 1 ga Yuni, 2013, GameStop ta daina karɓar PlayStation 2 da faya-fayansa, watanni kaɗan bayan Sony ta daina ƙera injin, wanda ya fito a shekarar 2000 aka kuma sayar da fiye da miliyan 150 nasa a duniya. Ita kuwa GAME, a watan Fabrairun 2024 ta daina karɓar na hannu gaba ɗaya, tsoho da sabon yayi.

Ban ga laifinsu ba, kuma kai da ka tashi a Kantin Kwari ka fi ni sanin dalili. Kanta kuɗin haya ce, atamfar da yayinta ya wuce kuwa ba a barinta ta tare wa sabuwa wuri. Ga shi kuma masu saye sun koma sauke gem ta intanet, har PlayStation 5 da ya fito a 2020 akwai samfurinsa da ba shi da wurin sa faifai sam. Amma abin da yake kwantai a wurin mai shago, a wurin wani shi ne kayan, kuma mu ne wannan wanin.

Yadda abin ya iso mana Jos, kamar ruwan ƙarshen damina ya yi. Da farko kaya suka yi yawa, domin abin da shaguna suka ƙi karɓa a can yakan biyo kwantenar tsofaffin talabijin da rediyo ya sauka Alaba ta Legas, daga nan 'yan sari su hauro da shi. A shekarun nan na sha tsugunawa gaban kwali a bakin titi ina tona faya-fayai, mai kayan yana kallona kamar wanda yake taimaka masa da shara. Bayan 'yan shekaru sai rijiyar ta ƙafe. Waɗanda suka rage a hannun mutane a Turai suka koma eBay, kasuwar gwanjo ta intanet, inda babu tsayayyen farashi sai abin da mai kwaɗayi ya taya, kuma da dala ko fam ake magana. A watan Yulin 2021 aka yi gwanjon kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56, kuma tun daga lokacin duk wanda ya tsinci tsohon kaset a ƙarƙashin gado sai ya ɗauka zinare ya haƙo. Ka haɗa wannan da halin da naira ta shiga tun 2023, ka ga inda ɗan Jos mai albashi ya tsaya. Na taɓa tura wa wani kuɗi daga nesa a kan faifan da ya rantse gangariya ne, da ya iso na juya bayansa na ga jabu ne irin wanda muke saya uku-uku a da. Har GameStop ɗin ma, da ta ga inda kasuwa ta karkata, a 2024 ta ware wasu shagunanta ta dawo da sayar da tsofaffin, sai dai yanzu a matsayin kayan marmari.

Na san za ka ce ai ana sauke su a waya. Ana sauke wasu, kuma yarana ma suna yi. Amma kasuwannin intanet ɗin su ma rufe su ake yi: Nintendo ta rufe saye a na injinanta 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a watan Yulin 2024. Wata gidauniyar adana tarihin gem da ke Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar da bincike a 2023 cewa kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Abin da ya rage ke nan shi ne wanda yake hannun irina, shi ma yana mutuwa a hankali. Ƙaramin batirin da ke cikin kaset yana ƙarewa ya tafi da duk abin da ka ajiye, idon da ke karanta faifai yana dushewa, masu gyaran da na sani kuma duk sun koma gyaran waya.

Yanzu sai babbar tambayar, wato me ya haɗa Bahaushe da wannan. Yaya, kakanmu ɗaya da kai. Shi ne ya bar ƙasar Kano ya hau dutsen nan neman aikin kuza tun kafin yaƙin Hitila, mahaifinka ya koma gida, nawa ya zauna. Ni a Gangare aka yanke mini cibiya, kuma a Jos ɗin da na tashi a cikinta, gidan gem shi ne dandalinmu. Wani ɗan shago ne mai benci biyu da talabijin mai ƙeya guda uku, labulen ƙofarsa buhu ne, sanyin Disamba yana shigowa ta ƙasansa muna ƙudundune cikin rigunan sanyi na gwanjo. A nan Bahaushe da Birom da Jarawa da Anaguta da Ibo da Bayarabe suke layi ɗaya, kuma da Hausa ake faɗa, da Hausa ake shiryawa. Mun fara da Contra da Mortal Kombat a Sega da injinan kaset, daga baya gem ɗin ƙwallon ƙafa na Winning Eleven ya zo ya kore komai. Kowa so yake ya ɗauki Nijeriya saboda gudun Tijjani Babangida a gefe, wanda ya ɗauki Brazil kuwa sai ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba, a yi ta musu a kan ko hakan halas ne. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, mai shago ba ya mayar da kuɗi, sai dai ya rubuta sunanka a bango da alli.

Ba zan ce wurin ba shi da aibi ba. Akwai waɗanda suka gudu daga makarantar allo saboda shi, ni ma na sha bulala a kan kuɗin cefane da ya yi ƙafa, kuma daga baya caca ta shiga wasu gidajen ta ɓata su. Amma mai shagonmu, wanda Kirista ne ɗan Birom, idan aka kira Magariba shi da kansa yake kashe talabijin ya kore mu masallaci, domin ya san iyayenmu kuma yana jin kunyarsu.

Ka san abin da ya biyo baya. Rikicin 7 ga Satumba, 2001 ya zo ranar Juma'a, watanni kaɗan bayansa, a Fabrairun 2002, babbar kasuwar Terminus ta ƙone, da ita da shagunan da muke sayen kaset. Sai rikicin Nuwamban 2008, sai na Janairun 2010. Gari ya rabu, kowa ya tattara ya koma unguwar da ta dace da sunansa, shagon nan kuma ko harsashinsa ba za ka gane ba yau. Injin Sega ɗin da ka gani a saman durowa, mai tabon ƙuna a gefe ɗaya, daga wannan shagon ya fito. Mai shagon ne ya ba ni shi kafin ya bar ƙasar, kuma shi ne yayan matata.

Ga inda maganar take komawa kullum, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Na san abin da aka ce a Kano lokacin aurena, na san an ce na rasa mata a dangi kaf sai 'yar Birom, na kuma ji wadda ta kira 'ya'yana ruwa biyu a wajen suna. Shekara goma sha shida ke nan da aurenmu, matar tawa ce ta yi jinyar Inna har Allah Ya karɓi abinsa, kuma tuwon da ka yaba ranar biki har ka nemi ƙari, hannunta ne. Yayan nata yana Ingila yanzu, shi ne ya riƙa bi mini kantocin na hannu a ranakun hutunsa yana tsinto mini faya-fayai masu araha, ya haɗo da duk wanda zai zo gida. Rabin abin da ke durowar nan daga hannunsa ya zo. Da shagon garinsu ya daina ajiye na hannu, ya kira ni yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin, da Hausarsa ta Jos da shekarun Turai ba su taɓa ba. Yanzu sai dai ya leƙa shagunan CeX, waɗanda har yau suna saye suna sayarwa, amma su sun san darajar abin da ke hannunsu.

Game da Hausar tamu kuwa, na yarda akwai yaranmu da za su ce mace "ya zo", kuma muna cusa Turanci inda ba a gayyace shi ba. Ku yi dariyarku. Amma mutanen da suka riƙe harshe ɗaya har ya zama na kasuwa da coci da filin ƙwallo a garin da ƙabilu suka yi yawa haka, ban ga ta inda za a ce sun yar da shi ba. Idan kuma addini ake nufi, a Jos ɗin nan Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978. Ahmed Musa da kuka yi ta yi wa tafi a Kano Pillars, haifaffen nan ne. Abin da yake mini ciwo shi ne, a nan ana ce mana baƙi ko da kakanka a Jos aka binne shi, idan muka zo gida kuma a ce mun zama wasu iri.

Tara kaya kuma, Yaya, a gida na gani. Ka tuna jeren Inna? Kwalla da samira da tangaran tun daga ƙasa har rufi, waɗanda ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba, duk ranar jajibirin Sallah sai ta sauke su ɗaya bayan ɗaya ta goge ta mayar, kuma tana iya gaya maka wace ce ta kawo kowanne da ranar da aka kawo shi. Wanda ya taɓa mata kwano ɗaya ya san sauran. Babu wanda ya ce mata ba Bahaushiya ba ce, ko ya kira ta marowaciya. Ni ma haka nake da nawa: na san wanda na saya da kuɗin Sallata na farko, na san wanda abokina ya bar mini kwana biyu kafin su tashi daga unguwa ban sake ganinsa ba. A garin nan muna da 'yan kaɗan masu irin wannan ciwo, daga wannan ɓangaren da wancan, kuma musayar kaset tana cikin 'yan dalilan da suka rage da za su sa mutum ya tsallaka unguwar da ba tasa ba ya zauna a falon wani har la'asar.

Ɗanka kuma ban hana shi don ƙeta ba. Idan aka yi hutu ka turo shi, zan kunna masa injin in zauna kusa da shi, ya buga da 'yan'uwansa har ya gaji, sai dai faifan ni zan sa, ni zan cire. Sannan ina da roƙo guda. Idan hanya ta bi da kai ta titin Beirut ko wajen masu gyaran rediyo na Sabon Gari, ka tambaya mini ko akwai mai mataccen PlayStation 2 da idonsa yake da rai, da kuma talabijin mai ƙeya ƙarami, domin tawa ta fara ja da baƙi a kusurwa. Kada ka ce musu na mai tarawa ne, ka ce na yara ne, in ba haka ba za su tsuga maka kuɗi. A gaishe mini da Hajiya da yaran.