Injin yankan itacena yana tashi, amma ba ya jimawa sai ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Da injin yankan itace nake ciyar da iyalina. Yau kwana huɗu ke nan, in na ja igiya yana tashi, ya yi kamar daƙiƙa goma, sai ya mutu. Na sauya fulogi, bai daina ba. Wani mai gyara ya ce in kawo ya ƙara masa silo, wato gudun da injin ke yi in ba a taɓa totur ba, magana ta ƙare. Tsorona kada a ce injin ya gama aiki. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Injin da yake tashi yana da wuta, kuma akwai sauran ƙarfi a fistinsa. Galibi mai ne ba ya isa kafireta, ko kuma hayaƙi ya rasa hanyar fita.

Na ɗauka kana cire cok da zarar ya yi tarin farko. To, in ya mutu, maza ka sassauta murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska, ƴar ƙofar numfashin tankin ce ta toshe, mai ya kasa sauka. In ba haka ba, zaro matatar da ke bakin tiyo a cikin tanki da lanƙwasasshiyar waya, ka duba tiyon ko ya tsage. Ka zubar da man da ya haura wata guda da haɗawa, ka yi sabon haɗi kashi 50 da 1, wato mililita 100 na man inji mai bugu biyu a lita 5 na fetur. Ka wanke matatar iska. Sannan ka kwance ƴar ragar da ke bakin salansa, domin kunkunniya kan liƙe ta har injin ya shaƙe da hayaƙinsa. In duk wannan bai yi ba, fatar cikin kafireta ce ta sandare, a sauya ta.

Amma maganar ƙara silo, don girman Allah kada ka yarda. Kullum sai an kawo mini injin da aka yi wa wannan ɓarna. Mutum bai buɗe komai ba, bai duba komai ba, ya ɗauki sukundireba ya murɗa sukurun silo (mai alamar LA a injin Stihl, mai alamar T a na Husqvarna) har injin ya daina mutuwa, ya karɓi kuɗi wai ya gyara. Me ya gyara? Silon yawancin waɗannan injuna bai kai juyi 3,000 a minti ba, kuma da gangan aka yi shi ƙasa da inda kuloci ke kama sarƙa. Da ka ɗaga shi, sai kuloci ya kama, sarƙa ta riƙa gudu alhali yatsanka ba ya kan totur. Ka gama yanka, ka sauke hannu, kana tsallake reshe, sarƙar tana yawo a gefen cinyarka. Na ga wandon wani yaro da ta yaga daga gwiwa har ƙasa, Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa a gaba. Wasu kuma sai su danne ta da birki, injin yana kokawa da kuloci har murfin roba ya fara narkewa.

Abin da ya fi ba ni haushi, cutar tana nan ba ta je ko'ina ba. In iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo ko ta robar da ke rufe bakin ƙaramshaf, injin yana aiki da ƙarancin mai. A irin wannan inji kuwa, man da ke cikin fetur shi ne ke shafe fistin. Mai ya ragu, zafi ya ƙaru, fistin ya karce silinda. Haka ma masu matse sukurun kafireta mai alamar H, wanda ke daidaita mai in injin yana cikakken gudu, don injin ya riƙa ƙara kamar zai tashi sama, suna cewa ya yi ƙarfi. Hanyar kashe shi ke nan mafi sauri.

In ka gama dubawa, ka ajiye injin a ƙasa, ka tayar da shi, ka saki birki, ka zuba wa sarƙa ido. In tana motsi ba ka taɓa totur ba, ka mayar da silo baya har ta tsaya cak. In kuma bai iya zama a haka ba, ka kai shi wurin wanda zai cire salansa ya leƙa fistin, ya kuma gwada ko iska na shiga, kafin ya taɓa ko da sukuru ɗaya.